Kwana Uku na Yaƙin Janar Philemon a Falonmu

Ranar da na fara jin sunansa, sau uku a jere na ji shi, a wurin wani biki a Bena. Mai gabatarwa ya ce, "Muna maraba da Malam Philemon." Ba wanda ya tashi. Ya sake cewa, "Injiniya Philemon." Shiru. Sai aka ga wata 'yar takarda tana tafiya hannu zuwa hannu daga teburin gaba har ta isa ga mai lasifika. Ya buɗe, ya gyara murya, ya karanta: "Injiniya Philemon, Babban Masanin Tsaron Na'ura, Mai Ba da Shawara kan Harkokin Intanet na Zuru da Kewaye, Shugaba kuma Wanda Ya Kafa." Bai faɗi abin da aka kafa ba, don a nan takardar ta ƙare. Lokacin ne wani mutum ya miƙe a hankali, ya ɗaga hannu ɗaya yana juyawa gabas da yamma, kamar wanda jama'a suka matsa wa sai ya nuna kansa. Amarya da ango, waɗanda aka taru dominsu, sunansu bai ci rabin wannan lokacin ba.

Sunana Leah, kuma a gidanmu ni ce mai littafi. Tun ina aji uku na sakandare nake rubuta wanda aka haifa, wanda ya rasu, wa ya auri wa, da shekarar da ruwa ya cinye gonar gangare. Saboda haka ranar ma na rubuta sunan a bayan takardar bikin, da muƙaman duka. Ban san zan buƙace shi ba.

Dole a yi wa mutum adalci. Zuru garin sojoji ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani cikin kaki a bango ba. Injiniya Philemon ma ya so ya ba ƙasa kansa, har sau uku ya je wurin ɗaukar sababbin sojoji. A karo na farko ya ƙarasa gudun gwaji a bayan ɗan kabu-kabu, ya riga kowa isa, abin da ke nuna basira, amma masu ɗauka ba su fahimta ba. A karo na biyu ya yi wa jami'in da ke gwada su gyara a kan yadda ake tsayuwar fareti. A na uku, shi da bakinsa ya ce ya duba ya ga aikin ya yi masa kaɗan.

Da ikon Allah sai ya gano fagen dagar da ba a gudu a cikinsa, wato kwamfuta.

Ya buɗe shago kusa da tasha. Allon sunan ya fi ƙofar faɗi, sai da ya ci rabin bangon mai shayin da ke maƙwabtaka da shi. Masu hassada suna cewa abin da ake yi a ciki bai wuce cajin waya da tura waƙoƙi ba. Ni ban ce ba. Na dai taɓa leƙawa na ga wayoyi kusan ashirin a jere kan katako, shi kuma yana zagaya su da hannuwa a baya, yana duba wadda ba ta tsaya daidai ba. Filashi tara ne rataye a wuyansa, kowanne da launin igiyarsa, in yana tafiya suna kaɗawa a ƙirjinsa kamar lambobin yabo. An ce biyu ne kawai ke aiki. Sauran sun yi ritaya da darajarsu.

Akwai wani abu a cikin kwamfuta da masu sana'ar ke kira fayawal. Aikinsa irin na mai gadin ƙofa ne: ya bar wanda aka sani ya shiga, ya tare wanda ba a sani ba. Injiniya ya raɗa masa suna katangar tsaro, kuma ba ya haɗa jimla biyu bai ambace ta ba. Wayarka ta faɗa ruwa? Katangarta ce ta yi rauni. Batir ba ya riƙe caji? Mahara ne suka haura. 'Yan kabu-kabun tasha suka laƙaba masa Janar Katanga don tsokana. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka ƙara a katinsa.

Ga abin da ya kawo wannan babban mutum falonmu.

Kakana, mahaifin Mama, Sajan Aaron mai ritaya, ya rasu bara da damina. Shekara biyu kafin nan, Kawu Japhet ya zaunar da shi gaban tsohuwar kwamfutar tebur da ke falonmu, ya naɗi muryarsa kashi goma sha ɗaya. A ciki akwai labarin aikinsa na soja, da jerin sunayen kakanninmu, da waƙar da yake yi a shekarunsa bakwai na golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Matar da ya yi wannan noman dominta, Kaka, tana Dabai, ƙafafunta sun daina kai ta ko bakin ƙofa. Ran Lahadi da muka je gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Leah, fuskarsa tana nan, ina ganinta. Muryar ce ke gudu mini. Asabar zai cika shekara. Ki kawo mini ita."

Na ce to, don a ganina wannan ba aiki ba ne. Ina da laftof da Kawu ya saya mini da na gama makaranta, ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Ranar da na fara kunna ta, hoton wani Bature mai sanƙo ne a allon, yana riƙe da ƙaton kifi yana dariya. Na cire shi na sa hoton Kaka, na rubuta sunana a wurin shiga, na ɗauka shi ke nan ta zama tawa. Abin da ya rage in kwashe muryoyin daga tsohuwa zuwa sabuwa, in rataya jaka, in hau babur.

Amma tsohuwar kwamfutar ta tsufa da gaske. Ramukan sa filashi sun ƙone tun wani gyara da aka yi mata, dalilin da ya sa Kawu ya kafa doka kada a ƙara kwance ta ba ya nan. Shafukan intanet sun daina buɗuwa a cikinta. Ɗaukarta a babur kan hanyar Dabai da damina kuwa, sai dai a kai gawarta. Kuma 'yan kwanakin nan, duk lokacin da aka kunna ta, wata ƙara take yi daga ciki, kas, kas, kas, kamar kaza na caccakar faranti. Kawu yana bakin aiki can nesa, inda ba a samun waya sai an hau tudu. Da na same shi, ya ce, "Faifan ajiyarta ne ke mutuwa. Kada ku yawaita kunna ta. Ki haɗa su biyun a kan rauta, akwatin nan da ke ba gida intanet, ki buɗe wa foldar hanya, ki jawo su ta waifai. In ta ƙi, fayawal ne, sai ki..." Layi ya yanke a kan "sai ki".

Na gwada ran Talata, ta ƙi. Laftof ba ta ganin tsohuwa, tsohuwa ba ta ganin laftof, alhali tsakaninsu bai kai taku biyu ba. Mama ta ji na ambaci fayawal, ta ce ai akwai mai shi a garin nan. Ta aika a kira Janar.

Ya iso ran Laraba daidai lokacin da ake sauke tuwo. Ba dace ba ne, ƙwararren kwamanda ya san lokacin kai farmaki. Sai da ya ga bayan malmala uku da miyar yakuwa sannan ya nemi a nuna masa fagen daga. Bai taɓa kwamfutar ba tukuna. Ya zagaya falon, ya leƙa bayan labule, ya ɗaga rautar ya duba ƙarƙashinta, ya tambayi Mama ko tana da maƙiya a ƙasashen waje. Mama ta ce ita iyakar tafiyarta Kaduna, can ma sau ɗaya, gaisuwar mutuwa.

"Mama," in ji shi, "wanga gida a buɗe yake. Ku farar hula kun ɗauka in kun sa sakata kun yi tsaro. Ni ina ganin abin da ba ku gani. Yanzu haka da muke magana, saman nan cike yake da mahara."

Mama ta ɗaga kai. Fanka ta gani da yanar gizo ɗaya a kusurwa, ta ce in share gobe.

Na yi masa bayani cikin ladabi cewa fayil goma sha ɗaya ne kawai za a kwashe daga nan zuwa nan, kuma Kawu ya ce kada a yawaita kunna tsohuwar. Ya yi murmushin tausayi.

"Ƙanwata, kawunki sojan ƙasa ne. Bindiga ya sani. Wanga yaƙin na masu ƙwaƙwalwa ne."

Da ya ga littafina a hannu, nan take ya naɗa ni magatakardar yaƙi. Duk abin da ya danna in rubuta, duk motsin maƙiyi in sa lokacinsa. Na ji daɗin wannan, don dama ko bai ce ba zan rubuta.

Aikin farko da ya yi shi ne canza sunan waifai ɗinmu zuwa SANSANIN JANAR. Ya sa masa kalmar sirri mai haruffa ashirin da shida, ya ce duk duniya shi kaɗai ya san ta. Bayan minti biyar ya nemi in karanto masa ita daga littafi. Daga nan ya danna wurin da ke ba kwamfuta damar ganin sauran na'urorin da ke kan rauta ɗaya da ita. Wannan, don adalci, shi ne abu ɗaya na daidai da ya yi cikin kwana uku. Na buɗe laftof ɗina a kan cinya, ina jira. Sai wani suna ya bayyana a allon tsohuwar, da manyan baƙaƙe: HENDRIK.

Janar ya zabura har kujera ta faɗi.

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Ba wanda ke motsi dama.

"Handirik," ya faɗa a hankali, yana gyaɗa kai kamar wanda ya gamu da tsohon abokin kokawa. "Na san shi. Gawurtaccen ɗan kutse ne daga Turai. Mun taɓa karawa a kan kwamfutar wani babban mutum da ba zan faɗi sunansa ba. Ashe ya biyo ni har Zuru."

Mama ta tambaya me Bature zai yi da waƙar golmo ta babanta.

"Sirrin soja, Mama. Marigayi Sajan ne fa. Kin san abin da ya faɗa a cikin waƙar?"

Mama ta ce ta sani sarai, kukan yawan duwatsun gonar surukinsa yake yi.

"A fili ke nan," in ji Janar. "Na ɓoye fa?"

Ya shiga katangar tsaro ya kafa doka mai tsauri: kada a bar Hendrik ya shiga, ko ta ƙofa ko ta taga. Na gwada daga laftof ɗina, ta ce an hana ta hanya. "Kin gani?" in ji shi. "Har ya fara toshe ki." Ya kashe tsohuwar ya kunna har sau huɗu, wai don a rikita maƙiyi. Duk kunnawa, kas, kas, kas ɗin sai ta ƙara tsawo. Ganin ba abin da zan iya, na rufe laftof na tafi wanke-wanke. Ina tsakiyar tukunya na ji ihu daga falo. Hendrik ya ɓace. Janar ya fito tsakar gida yana share gumi, ya sanar cewa an ci zagaye na farko, amma maƙiyi irin wannan ba ya haƙura, don haka gobe ma a yi tuwo da shi.

Kafin gari ya waye rabin unguwa ta ji cewa Turawa sun kawo hari gidan Sajan. Wata maƙwabciya har ta shigo yi wa Mama jaje.

Ran Alhamis bai zo shi kaɗai ba. Babban yaƙi yana buƙatar shaidu. Ya taho da Yusha'u, mai shayin nan da allon Janar ya ci wa bango, da 'yan kabu-kabu biyu da suka bar aiki don kada a ba su labari. Aka jera su a kan doguwar kujera. Aka kunna tsohuwa. Na buɗe laftof. Hendrik ya dawo.

"Ga shi nan! Na ce muku ba ya haƙura!"

Nan take ya kafa dokar ta-ɓaci. Ya kori duk wayoyin gidan daga kan rauta, har da ta Mama, wadda ita kaɗai Kawu ke kira in ya samu hawa tudu. Sannan ya ciro ɗaya daga cikin filashin wuyansa, ya tuna ramukan sun ƙone, ya mayar, ya ce dama nuna mana kawai yake yi. Daga ƙarshe ya ba da umarnin binciken gida-gida: kwamfutar ta bi duk fayil ɗin da ke cikinta, ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko Hendrik ya ɓoye wani abu. Allon ya nuna aikin zai ci awa shida.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah, a fara kwashe muryoyin, sai a yi yaƙin daga baya."

"Ba a kwasar kaya ana ruwan harsashi, ƙanwata. Rubuta wannan ma."

Na rubuta.

Awa huɗu faifan nan yana niƙa. Janar ya yi amfani da lokacin ya ilmantar da jama'a. Ya yi bayanin yadda wata ƙasa da ba zai faɗi sunanta ba ta nemi ya koma can da zama, ya ƙi saboda kishin Zuru. Ya ce akwai ranar da ya tare hari goma sha bakwai da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da kofin shayi. Yusha'u ya ce wannan kam ya shaida, kofin nasa ne, kuma har yau bai dawo ba. Can ya karkata kunne wajen tebur ya ce, "Janar, wagga kwamfuta kamar tari take fa."

"Ƙarar artabu ce. Ba ka saba ba."

Wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta. Tsohuwar ta mutu tsaye, a tsakiyar bincike. Janar ya ce wannan shi ake kira janyewar dabara, kuma yana cikin tsarinsa. Mama ta miƙe. Ta dubi hoton babanta a bango, ta shiga ɗaki.

Da la'asar na zauna a baranda da littafina, ina karanta abin da na rubuta don in ga inda kwana biyu suka tafi. Laraba, biyu da minti goma, Hendrik ya bayyana. Lokacin ne na buɗe laftof. Huɗu saura kwata, ya ɓace. Lokacin ne na tafi wanke-wanke. Alhamis, sha ɗaya, ya dawo. Ni ce na buɗe. Sha biyu da rabi ya ɓace na minti ashirin, Janar ya ce ya tafi neman taimako. Ni ce na rufe na je kawo wa baƙi ruwa. Sau shida, ba wanda ya saɓa. Na ajiye littafin. Na kunna laftof da sauran cajinta, na bi har wurin da ake rubuta sunan na'urar kanta, ba sunan mai shiga ba. Yana nan, da manyan baƙaƙe. Na cire hoton Baturen mai kifi, amma sunansa ban san yana can ƙasa ba.

Kwana biyu ana yaƙi da shi, yana zaune a kan cinyata.

Wuta ba ta dawo ba sai safiyar Juma'a, kuma Janar ya riga ta isowa. Shaidu sun ƙaru, har da masu leƙe ta taga. An koya mini kada in kunyata babba a gaban mutane, don haka na tare shi a bakin ƙofa na yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, Hendrik ɗin nan laftof ɗina ce. Sunan wanda ya fara mallakarta ne."

Da ya yi shiru ya gyara abinsa, da ba wanda zai ji, da wannan labarin ma ban rubuta ba. Amma Janar ba ya ɓoye wa dakarunsa komai. Ya kwashe da dariya, ya juya ga jama'a.

"Kun ji yarinya? Wai Handirik laftof ɗinta ce! Wannan ita ake kira farfagandar maƙiyi. In ya kasa shiga na'ura, sai ya shiga kan mutane." Ya zauna, ya naɗe hannun riga. "Yau za a yi ta ta ƙare. Tunda ya nace sai ya samu abin da ke ciki, za mu share komai. Faifan gaba ɗaya. Ya shigo ya tarar da fili."

Mama tana tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu.

"Har da muryar Baba?"

"A yaƙi akwai asara, Mama. Marigayi da kansa zai fahimta."

Ya manta abu ɗaya. Mama a bariki aka haife ta, kuma Sajan ne ya raine ta. Ta ajiye muciya, ta tako tsakiyar falo, ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗauke hannunka daga nan. Leah, buɗe abinki."

Na buɗe. Bayan ɗan lokaci Hendrik ya bayyana a allon tsohuwa.

"Rufe."

Na rufe. Aka jira. Ya ɓace.

"Buɗe."

Ya dawo.

Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai kas, kas, kas. Sai Yusha'u ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Mama, don Allah a ƙara ɗaya, akwai wanda ya tare mini." Ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabun ya miƙe ya ƙame, ya sara wa laftof ɗin. Masu leƙe ta taga suka fara faɗuwa kan juna.

A nan ne ake gane babban mutum. Wani da ya nemi ƙofa. Janar ya tafa hannu sau uku, a hankali.

"Madalla. Kun ci jarrabawa. Tun ran Laraba na sani, so nake in ga ko akwai mai lura a gidan nan. Kuma wannan ya tabbatar da maganata, maƙiyi yana cikin gida. Yanzu a ba ni laftof ɗin in tafi da ita hedikwata, ta amsa tambayoyi."

"Philemon," in ji Mama, ba Injiniya, ba Janar, "na san ka tun kana yawo ba wando. Tashi daga kujerar babana."

Ya tashi. Ya ce dama yana so ya miƙe ƙafa.

Na zauna. Ban san fayawal ba, amma na san littafina. Na fara daga shafin ƙarshe ina komawa baya, duk abin da ya ɗaure ina kwancewa. Mataki arba'in da ɗaya. Da na cire dokar da ta hana Hendrik shiga, sai na ga wani ɗan akwati a gefe, an rubuta a bar na'urorin gida su yi musayar fayil. Ba alama a cikinsa. Nan ne maganar Kawu ta yanke. Na danna. Foldar ta fito a allon laftof ɗina kamar dama tana bakin ƙofa tana jira.

Na fara jawowa. Allon ya ce minti goma sha biyu. Na ɗaya ya wuce. Na biyu. Na uku. Ba mai dariya yanzu. Janar kaɗai ke magana a bayana, yana gaya wa jama'a cewa komai yana tafiya yadda ya tsara. Na shida. Na bakwai. Ƙarar ta canza, ta koma wani dogon kuka siriri. Na takwas ya wuce da ƙyar. Na tara ya kai rabi, ya tsaya. Kas. Sai shiru.

Ba ta sake tashi ba. Minti goma sha biyu kawai take buƙata, kuma ran Laraba tana da su. Awa huɗu ta ba Janar ran Alhamis yana neman Bature a cikinta.

Ran Asabar na hau babur zuwa Dabai da kashi takwas da rabi na muryar a jakata. Na ɗora laftof a kan tabarma kusa da Kaka, na danna na huɗu. Muryar Sajan ta fito da C'lela, yarenmu, a shaƙe, yana waƙar duwatsun gonar surukinsa. Kaka ta rufe ido. Da ya kai baiti na biyu ta ce, "Ƙarya yake yi. Gonar babana ba ta da duwatsu haka. Rago ne kawai." Tana dariya, hawaye yana bin kuncinta. Sau biyar ta sa na maimaita.

Na tara shi ne jerin kakanni. Ya faɗi suna biyar, yana shirin na shida muryar ta yanke. Kaka ta ɗora daga inda ya tsaya, ta ba ni uku, na rubuta. Ta daɗe tana neman na gaba, sannan ta ce, "Wannan shi ya sani." Na bar layin a buɗe.

Da Kawu ya samu hawa tudu, ya ce na goma labarin bariki ne, ya san shi, zai ba ni in rubuta. Na goma sha ɗaya kuwa saƙo ne tsohon ya bar wa Kaka. Sai da ya sa Kawu ya fita daga falon kafin ya yi magana, don haka ko shi bai san abin da ke ciki ba. Ba mu gaya mata ba.

Janar yana nan lafiya. A tasha, labarin da ke yawo daga bakinsa shi ne ya kama ɗan kutsen Turai da ransa, ya miƙa shi ga iyalin Sajan, yanzu haka yana yi musu aiki. Filashin wuyansa sun zama goma. Ni kuma ban canza wa laftof suna ba. Mutumin kifin nan bai yi mana komai ba, kuma shi ne ya ɗauko muryar kakana ya kai Dabai.

Akwai masu cewa bai kamata yarinya ta rubuta irin wannan a kan babba ba. Ina ba su haƙuri, amma alkawari nake cikawa. Ran Laraba, Janar yana wanke hannu bayan malmala ta uku, ya dubi littafina ya ce, "Ƙanwata, alfarma ɗaya nake nema. Duk abin da zan yi a gidan nan ki rubuta shi yadda ya faru, kada ki rage ko ɗigo, saboda 'yan baya su san wanda ya yi. Kuma ki sa sunana da muƙamaina cikakku, don mutane suna yawan yankewa."

To, Yallaɓai, ban yanke ba. Injiniya Philemon, Babban Masanin Tsaron Na'ura, Mai Ba da Shawara kan Harkokin Intanet na Zuru da Kewaye, Janar Katanga, Shugaba kuma Wanda Ya Kafa. Har wurin da takardar Bena ta bari a buɗe na cike maka, don yanzu na san abin da ka kafa: katanga ɗaya tak, mai ƙarfi, wadda ba ta taɓa tare ɓarawo ba, tsakanin wata tsohuwa da maganar ƙarshe ta mijinta.